Inuwar motsi a hoton MRI na kafaɗa: a kan gado gyaran yake ko a kwamfuta?

'Yar Zuru: Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto. Shawara nake nema a kan kafaɗa. Gwiwa da ƙashin baya ba sa ba ni wahala, amma kafaɗa kusan kullum sai inuwa ta jeru a kan hoton, layi-layi, musamman a koronal (yankan da ke nuna kafaɗa ta gaba) mai danne kitse, wato wanda ake kashe hasken kitse a cikinsa. Na'urarmu mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ce, kuma muna da koyil na kafaɗa, wato abin da ake ɗaurawa a jiki ya karɓi sigina. Yawancin masu zuwa manoman shinkafa ne da masunta da 'yan dako, waɗanda ciwon ya riga ya hana su barci. Mutum ya taso daga Yauri ko Bagudo ko Kamba, ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin hoto, ba ni da bakin ce masa ya je ya dawo. Me kuke yi a wurarenku?

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin a taɓa kwamfuta, gaya mani, ina hannun majinyacin yake in ya kwanta?

'Yar Zuru: Ina miƙe masa shi a gefe, Baba, amma da gado ya shiga ciki da yawansu sai su janye shi su ɗora a ciki. Sun ce nan ne zafin ke sauƙi.

Baba Mai Hoto: To ga rabin matsalarki nan. Hannun da anka ɗora bisa ciki ya zama ɗaya da ciki. Ciki ya tashi, hannu ya tashi, damtse ya juya, kan ƙashin ya motsa cikin gurbinai. Babba na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ki lissafa sikwens, wato zagaye guda na ɗaukar hoto, mai minti 4. Kuma abu na biyu, hannu bisa ciki yana murɗa kafaɗa zuwa ciki, jijiyoyin saman su hau juna, likita ya kasa rarrabe su.
Ga yadda muke yi. Mutum ya kwanta rigingine, hannu a gefe, babban yatsa na kallon sama. A sa soso ƙarƙashin gwiwar hannu har damtse ya miƙe daidai da gado, kar ya rataya ƙasa, don hannun da ke rataye shi ka gajiya ya fara rawa. A ɗora jakar rairayi bisa hannun. Duk wani gurbi tsakanin koyil da fata a cushe shi da soso, sannan a ɗaure koyil ɗin tamau. Amma maɗaurin kar ya bi ta kan ƙirji yadda numfashi zai riƙa jan koyil. A sa matashi ƙarƙashin gwiwoyin ƙafa, don wanda bayansa ke ciwo zai yi ta gyara kwanciya, kuma duk gyaran da ya yi kafaɗa na ji.
Wanga aiki minti 5 ne. Maimaita sikwens biyu ya fi haka.

Ɗan Jega: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni ina ganin zamani ya wuce nan. Yaya 'Yar Zuru, wane kamfani ne na'urarku? In Siemens ce ki kunna BLADE, tsarin da ke gyara motsi. A GE sunansa PROPELLER, a Philips MultiVane. Tun da na mayar da koronal da sajital (yankan da ke nuna kafaɗa ta gefe) ɗina kansa na daina ganin layukan nan.

Ɗalibi daga Sakkwato: Don Allah Yaya Ɗan Jega a ɗan yi mana bayani. Mun ji sunan a aji amma ban gane abin da ya sa yake kashe inuwa ba.

Ɗan Jega: To ƙanena. A sikwens na yau da kullum na'ura tana cika filin k, wato inda take tara sigina kafin kwamfuta ta mayar da ita hoto, layi bayan layi. Karanta layi ɗaya abu ne na 'yan milisakan, mutum bai isa ya motsa a ciki ba. Amma tsakanin wannan layi da na gaba akwai jira, kuma cika filin duka yana cin mintoci. In kafaɗa ta gusa a tsakani, layukan ba za su yarda da juna ba, sai kwamfuta ta watsa kuskuren a hanya guda, wato hanyar fes, ɗaya daga hanyoyi biyu da ake bi a gane wurin sigina a cikin yanka. Shi ya sa kullum inuwar take jeruwa a hanya ɗaya, ko da wane gefe mutumin ya motsa.
Shi kuwa PROPELLER, wanda James Pipe ya fito da shi a 1999, yana ɗaukar layukan ne a dunƙule, faffaɗan yanki guda, sannan ya juya yankin ya sake ɗauka, kamar fukafukan fanka suna zagaye tsakiya. Kowane yanki sai ya ratsa tsakiyar filin k. Saboda haka kwamfuta tana iya gwada su da juna, ta gyara wanda ya gusa ko ya karkace, ta rage wa wanda ya lalace sosai nauyi. Kuma tun da babu hanyar fes guda ɗaya, kuskuren da ya rage ba ya taruwa ya zama layi.

Injiniya: Bayanin daidai ne, amma a faɗa wa yaron kuɗinsa. In ana son cika filin k gaba ɗaya ta wannan hanya, lokacin yana ninkuwa kusan sau 1.57 a kan na yau da kullum, saboda ana maimaita tsakiya. Na biyu, gyaran yana aiki ne a kan motsin da ke cikin shimfiɗar yankan. In kafaɗa ta fita daga yankan ta koma wani, ba zai iya mayar da ita ba, sai dai ya rage wa yankin da ya lalace nauyi. Na uku, lissafin yana ɗauka cewa abin da ake ɗauka ya motsa ne a dunƙule, kamar kai. Kafaɗa ba haka take ba. Damtse na iya juyawa allon kafaɗa yana nan, huhu kuma yana nasa. Kuma ba kowace na'ura aka saya da lasisinsa ba. Akwai waɗanda za ka ga sunan a allo amma ba ya buɗewa.

Ɗan Jega: Injiniya, na yarda da lokacin. Amma minti 5 mai kyau ai ya fi minti 3 da za a maimaita sau biyu.

Baba Mai Hoto: Ɗana, mai ciwon kafaɗa ba ya motsi don ganganci. Zafi ka taruwa. Minti 10 na farko shina daurewa, daga nan sai hannu ya fara sanyi, ya fara neman wurin da zai huta. Duk minti ɗaya da ka ƙara, daga cikin haƙurinai ka ɗebo shi. Ban hana ka BLADE ba. Ina cewa kar ka sa shi a dukan sikwens don ka huta da gyaran kwanciya.

Likitar Hoto, Gusau: Sannunku da aiki. Bari in faɗi abin da nake gani daga inda nake zaune, don ni ce hoton ke zuwa wa a ƙarshe.
Abin da nake nema a yawancin waɗannan majinyata ƙarami ne ƙwarai. Jijiyar sufrasfinatus, wadda ke saman kafaɗa, kaurinta 'yan milimita ne, kuma ina so in san ko ta tsage rabi ko ta tsage gaba ɗaya, ko kuwa kumburi ne kawai. Layin inuwa ɗaya mai haske in ya faɗo a kanta, zai iya kama da tsagewa. In hoton ya yi dishi-dishi kuma, ƙaramar tsagewa ta gaske za ta ɓace. Tsakanin waɗannan biyu akwai mutumin da za a ce masa tiyata da wanda za a tura gashin ƙashi. Ga kuma wata matsala da ba ta motsi ba: inda jijiyar ta lanƙwasa ta yi kusan digiri 55 da layin maganaɗisu, takan yi haske a sikwens mai gajeren TE (lokacin da ake jira kafin a karɓi sigina) ko da lafiyarta lau. Abin da ke raba min gardama shi ne T2, sikwens ɗin da ruwa ke haske a cikinsa. To in T2 ɗin ne ya motsa, hannuna ya ɗaure.
Don haka roƙona biyu ne. Ku fara da koronal mai danne kitse da zarar kun gama hoton saiti, lokacin da mutum yake da sauran ƙarfi, sai sajital T2, sauran su biyo baya. Kuma in kun yi iya ƙoƙarinku bai yiwu ba, ku rubuta min a takarda cewa majinyaci ya kasa kwanciya saboda zafi. Wannan rubutun yana canza yadda nake karanta hoton.
Game da BLADE, ina son sa a wanda ke numfashi da ƙarfi. Amma wani lokaci gefen leɓen gurbin kafaɗa ba ya fitowa da kaifi kamar a sikwens na yau da kullum da aka ɗauka mutum yana kwance shiru. In matashi ne da kafaɗarsa ke yawan gocewa, wannan kaifin nake bukata.

'Yar Zuru: Na gode ranki ya daɗe. Mu da aksiyal (yankan gicciye) muke farawa, koronal mai danne kitse ita ce ta huɗu a jerin da muka tarar. Zan yi magana da shugaban sashe a sauya.

Na-Talata Mafara: Ina da ja a kan maganar Baba ta babban yatsa sama. Mu an koya mana tafin hannu ya kalli sama gaba ɗaya, a murɗa kafaɗar waje, don jijiyar ta miƙe sosai.

Likitar Hoto, Gusau: Malam, a littafi murɗawa waje kaɗan ta fi, gaskiya ne, tana shimfiɗa jijiyar ta kuma fito da gaban gurbin. Amma kaɗan aka ce. Wanda kafaɗarsa ta sandare, irin da muke yawan gani a masu ciwon suga, murɗawa waje ita ce motsin da ya fara rasawa. In ka tilasta masa, zai riƙe da ƙarfin nama, naman ya gaji ya fara karkarwa. Ka ba ni hannu a tsaka-tsaki mara motsi, na fi son sa a kan wanda aka murɗa yana rawa. Abin da ba na so shi ne hannu a ciki.

Na-Talata Mafara: To in ma tsaka-tsakin ya gagara fa? Akwai wanda ko miƙe hannun ba ya iyawa.

Baba Mai Hoto: Sai ka ɗan ɗaga ɗayan gefen jikin da soso, ya kishingiɗa kaɗan zuwa kafaɗar da ke ciwo. Nauyin jiki ya danne allon kafaɗa bisa gado, ya rage mata tafiya da numfashi. Wasu hakan ya fi masu daɗi, wasu kuma ba su iya jure nauyin. Tambayarsa za ka yi tun gado bai shiga ba. Kuma ka ba shi minti ɗaya a haka ka gani ko fuskarsa ta canza.

Injiniya: A kan jakar rairayin nan ina da gargaɗi, kuma da gaske nake. Ba kowace jaka da ake kira ta rairayi ce rairayi zalla ba. Akwai waɗanda ake cusa wa ƙananan ƙarafa don su yi nauyi, kuma an sha samun irinsu sun tashi sun manne a maganaɗisu. Kar a aro daga ɗakin tiyata ko sashen gashi. In ɗinka ta za ku yi a gari, yashin rafi ma yakan zo da baƙin ƙasa mai kama maganaɗisu, sai an gwada shi da maganaɗisun hannu mai ƙarfi a waje kafin ya shiga ɗaki.
Sannan in kun gusar da mutum gefe don kafaɗar ta matso tsakiyar ramin na'urar, ɗayan hannun yakan jingina da bango. A rami mai faɗin santimita 60 da ƙaton mutum wannan dole ne ya faru. A sa soso tsakanin fata da bango, da tsakanin hannu da cinya. Ƙuna ake gudu.

Nas Argungu: Ni ba mai ɗaukar hoto ba ce, amma ni ke shirya su kafin su shiga, kuma akwai abubuwan da ban ji an ambata ba.
Na farko sanyi. Mutum ya fito daga zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu, an cire masa riga an ba shi 'yar shara-shara, an shigar da shi ɗakin da na'urar sanyi ke aiki dare da rana. Rawar ɗari zai yi, kuma ba zai faɗa ba. Ku lulluɓe shi da mayafin auduga mara zare mai ƙyalli.
Na biyu harshe. Ba kowa ke jin Hausa sosai ba. Muna samun Zabarmawa daga wajen Kamba, da Fulani, da Dakarkari, da Kambari. Mutum zai ce to, to, alhali bai gane ba. In da ɗan rakiya, a yi bayanin a gabansa a waje, a gwada masa irin ƙarar da zai ji, a ce masa ƙarar ba alamar lalacewa ba ce. Da yawa zabura suke yi a farkon kowane sikwens.
Na uku, kambu. Masunta da 'yan kokawa da mafarauta sukan ɗaura shi a damtse, daidai inda koyil zai zauna, kuma ba ka san abin da aka ɗinke a ciki ba. Ba a cewa cire wannan abin da gatsali. Ina cewa, Baba, maganaɗisun nan yana jan ƙarfe, a ba ɗanka ya riƙe maka, da ka fito za a mayar. Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba in an yi masa magana da mutunci. Mata kuma a duba fil na ɗankwali da maɗaurin rigar mama.

Na-Talata Mafara: Hajiya ta tuna min. Mu nan Zamfara dole mu ƙara tambaya ɗaya: an taɓa harbinka? Akwai masu yawo da ɓaraguzan harsashi ko na bindigar toka a jiki. In amsar e ce, ko mutum yana shakka, hoton eksire tukuna, likita ya yanke hukunci.

Ɗalibi daga Sakkwato: Me zai hana a ba su maganin barci kawai su kwanta shiru?

Nas Argungu: A'a ɗana. Maganin barci ba abin da mai ɗaukar hoto zai bayar ba ne. Sai da likita, da na'urar lura da numfashi wadda aka yi don ɗakin MRI, kuma tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe ba ta shiga ɗakin ko kusa. Bayan haka ma, wanda barci ya kwashe numfashinsa yakan yi zurfi, wani ya yi minshari, kafaɗar ta fi tashi da sauka. Kuma ba za ka iya ce masa ya daina ba.

Likitan Ƙashi: Ina bayan Hajiya. Abin da ya fi amfani shi ne maganin rage zafi da likitan da ya turo shi ya rubuta, ya sha kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a shiga. Mu ne ya kamata mu riƙa rubuta hakan a takardar turawa. Abin da nake roƙo kar a yi shi ne allura a cikin kafaɗar dab da hoto don a kashe zafi. Ruwan allurar zai zauna a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, Likita ta gan shi a T2 ta ɗauka kumburi ne ko alamar tsagewa. In an yi masa irin wannan allura kwanan nan a wani wuri, ku tambaya ku rubuta ranar.

'Yar Zuru: To numfashin kansa fa? Ko na gyara hannu, ƙirji ba zai tsaya ba. Wata abokiyar aikina tana ce musu su riƙa numfashi a hankali, sai na ga kamar abin ƙaruwa yake.

Baba Mai Hoto: Ƙaruwa zai yi. Wanda anka ce ma ya rage numfashi zai riƙe shi, ya riƙe, sannan ya ja wani babba. Wannan babban guda ɗaya ya fi ƙananan ashirin ɓarna. Ki ɗora hannunki bisa cikinai tun a waje, ki ce nan nake so ya riƙa tashi, ba ƙirji ba. Ya gwada sau uku ko huɗu. Kuma ki yi mashi alkawari: tsakanin kowace ƙara da ta gaba zan yi maka magana, lokacin ne na tari da haɗiyar miyau, amma hannu kar ya gusa. Ki gaya mashi minti nawa ta gaba za ta ci. Mutumin da ya san saura minti 3 yana iya daurewa. Wanda bai san ƙarshen abu ba shi ka motsi.

Ɗan Jega: A nan kam kwamfuta tana da abin cewa, Baba. Yaya, duba hanyar fes a koronal ɗinki. In dama zuwa hagu take, duk motsin ƙirji da bugun jijiyar jinin hammata a kwance za su watsu, su ratsa ta kan haɗin kafaɗar. In kin juya ta sama zuwa ƙasa, inuwar za ta tsaya a layin ƙirjin, ta bar miki jijiyar. Sai dai dole ki ƙara ɗaukar fes fiye da filin hoton, in ba haka ba damtse da wuya za su naɗo cikin hoton, kuma hakan na iya ƙara lokaci. A aksiyal gaba zuwa baya nake barinta saboda dalili ɗaya. Sannan ki ɗora shingen kashe sigina a kan huhu, a karkace, yadda ba zai taɓa gurbin kafaɗa ba. Abin da ba shi da sigina ba ya yin inuwa.

'Yar Zuru: Dama zuwa hagu take, kuma babu shinge. Wannan zan iya gwadawa gobe in Allah ya kai mu.

Mai Buɗaɗɗiya: Ku duk kuna maganar 1.5. Mu tamu buɗaɗɗiya ce, tesla 0.35. Ba BLADE, sigina kaɗan, dole mu ninka ɗauka sau 3 ko 4, ga danne kitse ba ya yi. Sai mu ce me?

Injiniya: Malam, kana da abu biyu da su ba su da shi. Kana iya kawo kafaɗar tsakiyar maganaɗisu sosai tun da babu bangon da zai tare, kuma ɗan rakiya da aka tantance zai iya zama kusa da majinyaci ya kwantar masa da hankali. Danne kitse kuwa ba laifinka ba ne. Tazarar da ke tsakanin siginar kitse da ta ruwa kusan hez 220 ce a tesla 1.5, a taka kuwa wajen 50, ta yi ƙanƙanta a raba su ta wannan hanya. STIR ce taka, wata hanyar danne kitse da ba ta dogara da wannan tazarar ba. Ko masu 1.5 ma, in kafaɗa ta yi nisa da tsakiya kitsen ya ƙi dannuwa a gefe, STIR ko Dixon suke komawa. Sai dai ba a amfani da STIR bayan allurar gadoliniyam, ruwan da ake yi don ƙara hasken hoto.
Ninka ɗaukar da kake yi ma yana rage ƙarfin inuwar numfashi, don kuskuren ba ya faɗawa wuri ɗaya kowane zagaye. Abin da ba ya gyarawa shi ne mutum ya gusa ya zauna a sabon wuri.

Ɗan Jega: Shi ya sa ni a 1.5 nake bin akasin haka ga mai tsananin zafi. In koyil mai tashoshi da yawa ne, sai in sa tsarin saurin ɗauka, GRAPPA ko SENSE, a kan 2, lokaci ya ragu kusan rabi. Sigina tana faɗuwa da kusan kashi 30 cikin 100 ko fiye, amma a kafaɗa da koyil ya manne da fata akwai rarar da za a ci.

Likitar Hoto, Gusau: Ka ci rarar, amma kar ka taɓa min kaurin yanka. Milimita 3 zuwa 4, fili santimita 14 zuwa 16. Na sha ganin an kai yanka milimita 5 don a gama da wuri, hoton ya fito sumul babu inuwa, amma ƙaramar tsagewa ta narke a ciki. In lokaci ya ƙure, gara ka ba ni sikwens uku masu kyau ka bar na huɗu.

Likitan Ƙashi: Kuma in duk an yi bai yiwu ba, a kira ni kafin a sallame shi. In tambayata ita ce ko jijiyar ta tsage gaba ɗaya, sikanin na sauti, irin wanda ake yi wa masu ciki, a hannun wanda ya ƙware yana amsa ta, mutum yana zaune, motsi ba ya ɓata komai. In leɓen gurbi nake nema ko cikin ƙashi, nan ne MRI ta zama dole.

Na-Talata Mafara: Ranka ya daɗe, to ku riƙa rubuta mana tambayar a takarda. Yawanci "ciwon kafaɗa" kawai muke gani, ba mu san wane sikwens za mu fifita ba in mutum ya fara gajiya.

Likitan Ƙashi: Wannan haƙƙinku ne. Zan kai maganar taron sashenmu.

Ɗalibi daga Sakkwato: Baba, tambaya ta ƙarshe. In sikwens ɗaya ya motsa, nan take ake maimaitawa ko sai an gama sauran?

Baba Mai Hoto: Ka fara yi mashi magana ka ji dalili. In tari ne ko zabura, maimaita nan take, amma ka sake duba saiti don wataƙila kafaɗar ta bar inda take. In zafi ne, maimaitawa a haka ɓata lokaci ne. Ka fito da gado, ya saki hannun ya huta, ka gyara soso, ka sake hoton saiti, sannan ka ɗauki wanda Likita ta fi bukata.